Tambayi Likita: Yaushe Ne Ya Kamata A Kira Jirgin Ceto A Kan Dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibi ne ɗan asalin Katsina, ina karatun digiri na biyu a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. A ƙarshen watan Oktoban da ya wuce, ni da abokaina uku muka hau duwatsun yankin Alpstein domin shan iska. Muna kan hanyar saukowa, wajen ƙarfe uku da rabi na yamma, sai santsi ya kwashe ɗayanmu, ya gangara kamar tsayin mutum uku, kansa ya bugi dutse. Ya yi kusan minti ɗaya muna kiransa bai amsa ba, daga nan ya farfaɗo yana magana daidai, sai dai ba ya iya taka ƙafarsa ta hagu. Wani a cikinmu ya ce a kira jirgi mai saukar ungulu, amma shi wanda ya faɗin ya haɗa mu da Allah kada mu kira, ya ce ba shi da kuɗin biya, kuma ba ya son a ce baƙi sun zo sun tayar wa mutane hankali a kan targaɗe. Muka bi ra'ayinsa muka riƙa tallabarsa muna saukowa. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba sai da ta ci mana awa huɗu, duhu ya riske mu a hanya, shi ya yi amai sau biyu, mu kuma sanyi ya kusa kassara mu. A asibiti aka ce ƙashin idon sawunsa ya karye, aka kuma kwantar da shi kwana biyu ana lura da kansa. Alhamdu lillahi ya warke, amma har yau abin yana damuna. Shin mun yi daidai da muka ƙi kira? Kuma ta yaya mutumin da ba likita ba zai gane cewa lokacin kiran jirgi ya yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina taya ku murna da Allah Ya kuɓutar da abokinku, kuma na ji daɗin yadda ka ba da labarin ba tare da ka ɓoye komai ba, domin haka ne zai sa amsar ta amfani wasu. Tunda gaskiya ka tambaya, ba ku yi daidai ba. Tun a mintin da ya bugu da kansa ya suma ya kamata wayar ɗayanku ta riga ta kira lamba 1414, wato lambar jiragen ceto ta Suwizalan, ko da kuwa ya farfaɗo yana dariya, kuma ko da ƙafarsa lafiya lau take.

Dalili kuwa shi ne, akwai wani irin zubar jini da ke faruwa tsakanin ƙoƙon kai da fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, wanda yaudararsa ita ce mutum ya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo ya yi magana tiryan-tiryan har ya miƙe da ƙafarsa, alhali jini yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwar. Bayan awa ɗaya ko biyu ko fiye, sai ciwon kai ya tsananta, amai ya biyo baya, barci ya fara fizgarsa, daga nan kuma sai a yi ta tashinsa ya ƙi tashi. Maganin wannan aikin tiyata ne, kuma nasararsa ta rataya ne ga saurin da aka isa wurin likitan da zai yi shi. Aman nan guda biyu da ya yi a hanya gargaɗi ne na biyu da ya zo muku, kuma a lokacin ma ƙofar kira ba ta rufe ba. Har ila yau, duk wanda ya faɗo daga tsayin mita huɗu ko biyar kansa ya bugu, ana ɗaukarsa a matsayin mai rauni a ƙashin wuya ko na baya har sai hoto ya nuna akasin haka, ku kuwa kun shafe awa huɗu kuna jijjiga shi a kan gangare.

Abin da nake ganin ya fi ruɗa ku, kuma yake ruɗa mutane da yawa, shi ne kun ɗauka cewa ku ne za ku yanke hukuncin tashin jirgi. Ba a ɗora muku wannan nauyin ba. Nauyin da ke kanku shi ne ku kira ku faɗi abin da ya faru, shi kuma jami'in da ke karɓar kira a cibiyar Rega, wato ƙungiyar ceto ta jiragen sama da aka kafa a Suwizalan a shekarar 1952, shi ne zai auna bayaninku da yanayin sama da taswirar wurin, sannan ya zaɓi abin da ya dace. Wani lokaci jirgi zai turo da likita a cikinsa, wani lokaci masu ceto na ƙasa waɗanda suka san dutsen za su hawo da ƙafa, wani lokacin kuma shawara kawai zai ba ku ya ce ku ci gaba da saukowa, motar asibiti tana jiranku a gindin dutse. Wanda ya fahimci haka, kiran ba zai yi masa nauyi a baki ba, domin tambayar da zai yi wa kansa ta zama mai sauƙi: shin za mu iya fita daga wurin nan da kanmu, kafin duhu, ba tare da mun ƙara wa mara lafiya rauni ko mun jefa kanmu cikin hatsari ba? Idan amsar ita ce a'a, ko kuma zuciya ta yi waswasi wajen ba da amsar, to a kira.

Akwai alamomin da ba sa buƙatar shawara da kowa. Suma ko ruɗewa bayan buguwar kai na daga ciki, haka nan ciwon wuya ko na baya tare da mutuwar hannu ko ƙafa ko jin kamar ana tsira musu allura. Jinin da aka danne da ƙarfi ya ƙi tsayawa, da karayar ƙashin cinya ko na ƙugu, su ma haka ne, domin cinya guda tana iya ɓoye fiye da lita ɗaya ta jini ba tare da ɗigo ya fito waje ba, mutum yana ta yin fari-fat yana gumi mai sanyi ana zaton gajiya ce. Sai kuma cututtukan da ba ruwansu da faɗuwa amma wahalar hawa kan tayar da su: nauyin ƙirji da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, da sarƙewar numfashi ga wanda ke zaune yana hutawa, da karkacewar baki ko shanyewar ɓarin jiki ko harɗewar harshe. Wannan na ƙarshen agogo ne ke mulkinsa, saboda allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa galibi a cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, shi ya sa ake so a lura da lokacin da aka yi wa mutum ganin ƙarshe yana lafiya a faɗa wa masu ceto. Idan ƙudan zuma ya harbi mutum leɓɓansa suka kumbura muryarsa ta shaƙe, ko kuma dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne wani, mintoci ake lissafawa. A zaftarewar ƙanƙara mafi yawan waɗanda ake tonowa da rai a cikin minti 15 na farko ake tono su, don haka ɗaya ya kira sauran su fara tono nan take.

To amma ko da a ce abokinku bai bugu da kai ba, karayar idon sawu ce kawai, har yanzu zan ce ku kira, kuma nan ne nake so in ɗan daɗe, domin a nan ne hankalin mutumin da ya tashi a ƙasa mai zafi da shimfiɗaɗɗen fili yake yawan yaudararsa. A cikin gari karayar idon sawu ba abin tashin hankali ba ce, ana ɗaukar mutum a mota a kai shi a sa masa filasta. A kan dutse kuwa raunin ba shi kaɗai ake aunawa ba, ana haɗa shi da nisan hanya da sauran hasken rana da kuma sanyi. A ƙarshen Oktoba, bayan an mayar da agogo baya da awa ɗaya, rana tana faɗuwa a Suwizalan jim kaɗan bayan ƙarfe biyar, ke nan lokacin da ya faɗi ɗan abin da ya haura awa ɗaya da rabi na haske ne kawai ya rage muku, kuma tafiya da mai ƙafa ɗaya takan ninka lokacinta sau biyu ko uku, kamar yadda kuka gani da idonku. Zafin iska yana raguwa da kimanin maki 6.5 a ma'aunin salshiyos a duk hawan mita 1,000, sannan da zarar rana ta faɗi sai ya ƙara faɗuwa, mutumin da ya jiƙe da gumi kuma ba ya iya motsi da sauri shi ne sanyi ke fara kamawa. Idan zafin jikinsa ya sauka ƙasa da 35 ya shiga hatsari, alamarsa kuwa karkarwa ce da farko, sai rashin iya zuge zif ko ɗaure igiyar takalmi, sai magana ta fara ja, kuma mafi muni shi ne karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba. Banda wannan, mutum uku da suka gaji suna riƙe da na huɗu a kan gangare mai santsi cikin duhu, kuskuren taku ɗaya ya isa ya mayar da majinyaci ɗaya ya zama biyu ko uku.

Jinkiri yana da wata illar da mutane ba su cika tunawa da ita ba, wato jirgin kansa yana da iyaka. Da rana idan sama ta washe, jiragen Rega suna isa kusan ko'ina a yankinsu cikin kimanin minti 15 na tashi, suna tafiya fiye da kilomita 200 a awa, kuma inda babu wurin sauka sukan zuro likita da igiyar ƙarfe mai tsawon mita 90 su ɗauke majinyaci da ita. Suna tashi da dare ma, matuƙan suna sanye da tabarau na gani a duhu, amma aikin dare ya fi wuya ya fi hatsari, musamman saboda wayoyin da aka ja a tsakanin kwaruruka waɗanda ba a ganinsu da sauƙi. Hazo mai kauri ko guguwa ko ƙanƙarar da ke daskarewa a jikin farfela kuwa suna iya hana tashi gaba ɗaya, sai dai masu ceto su hawo da ƙafa, abin da kan ci awoyi. Saboda haka kiran ƙarfe uku da rabi ya fi sauƙi ga kowa, har da ma'aikatan da abokinka yake jin nauyinsu, a kan kiran ƙarfe bakwai na dare.

Batun kunya kuma na fahimce shi ƙwarai, domin tarbiyyarmu ce ta koya mana cewa namiji ba ya raki, baƙo kuma ba ya ɗora wa mai masauki nauyi. Halaye ne masu kyau a muhallinsu. Sai dai ina so ka riƙe wannan: wanda ya bugu da kai ya suma, ko sanyi ya fara taɓa tunaninsa, ba a barin hukunci a hannunsa, saboda gaɓar da zai yi tunanin da ita ita ce ta samu rauni. A lallashe shi, a gaya masa gaskiya cewa za a kira domin a ji shawarar masana, sannan a kira. Ɓacin ransa na yini ɗaya abu ne da abota za ta iya ɗauka.

Maganar kuɗi ba ƙarya ba ce, kuma ba zan raina ta ba. A Suwizalan ana biyan kuɗin ceto, tashi ɗaya yakan kai faran, wato kuɗin ƙasar, dubu da dama. Amma Rega ba ta tambayar kuɗi ko takardar inshora kafin ta tashi, lissafi daga baya yake zuwa. Inshorar lafiya ta tilas da mazauna ƙasar ke yi tana biyan rabin kuɗin ceto har zuwa faran 5,000 a shekara, wanda kuma yake aiki aƙalla awa takwas a mako wurin mai aiki ɗaya yana da inshorar hatsari da ke ɗaukar har hatsarin da ya faru a lokacin hutu. Ɗaliban ƙasashen waje da yawa suna da wata inshorar ta daban, don haka kowa ya buɗe takardarsa ya karanta abin da ta ce game da ceto tun yana ɗakinsa. Sannan akwai tsarin masu tallafa wa Rega, wanda mutum fiye da miliyan uku ke ciki: babba yana ba da faran 40 a shekara, ita kuma ƙungiyar takan yafe masa kuɗin da inshorarsa ba ta biya ba. Ɗalibin da ke da kuɗin tikitin jirgin ƙasa zuwa gindin dutse, ina ganin wannan faran 40 ba za ta gagare shi ba. Idan kuka tsallaka iyaka kuma dokar takan canza: a Faransa ceton da jami'an gwamnati ke yi a kan duwatsu kyauta ne, a Ostiriya kuwa wanda ya ji rauni yana wasan hawan dutse galibi shi ko inshorarsa ta musamman ke biya.

Game da yadda ake kiran, lambar Rega ita ce 1414, kuma tana da manhajar waya da ke aika ainihin inda kake tsaye da zarar ka danna, wanda ya fi kwatance da baki nesa ba kusa ba ga baƙon da bai san sunayen kwaruruka ba. A jihar Valais, inda Zermatt take, 144 ake kira. A Ostiriya 140 ce lambar ceton dutse, 112 kuma tana aiki a duk Turai. Za a tambaye ka inda kuke, da abin da ya faru da lokacinsa, da yawan waɗanda suka ji rauni da halin da suke ciki, da yanayin sama a wurin, da ko akwai wayoyi a kusa. Bayan ka ajiye wayar kada ka riƙa kiran 'yan'uwa da ita, ka sa ta a aljihun ciki kusa da jikinka domin sanyi yana shanye batir, su kuma za su iya nemanka. A shimfiɗa wa majinyaci jaka ko riga a ƙarƙashinsa saboda ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki, a lulluɓe shi, kada a motsa wuyansa, kada kuma a ba shi abinci. Idan akwai fili mai faɗin kamar mita 25 a kowane gefe, a tattare duk abin da iska za ta iya ɗauka, mutum ɗaya ya tsaya ya ba iska baya ya ɗaga hannuwansa biyu sama, wanda ke nufin muna neman taimako. Hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa kuwa yana nufin ba ma buƙata. Kada kowa ya kusanci jirgin sai ma'aikatansa sun yi izini, kuma ta gaba ake zuwa inda matuƙi ke gani, ba a bi ta wajen wutsiya.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Maigidana yana shirin bin abokan aikinsa tafiyar ƙafa zuwa sansanin gindin dutsen Everest a ƙasar Nefal. Na karanta cewa a can ana ɗauko mutane da jirgi saboda ciwon tsauni, na kuma ji cewa wasu masu ja-gora suna tsorata baƙi su hau jirgi ba gaira ba dalili domin a ci kuɗin inshora. Yaya zai bambance ciwon da ake jurewa da wanda ke buƙatar jirgi? Rukunin jininsa AS ne, ko wannan yana da wata illa?

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Abin da kika ji yana da tushe, domin a shekarar 2018 binciken gwamnatin Nefal ya gano cewa wasu masu ja-gora da kamfanonin jirage da asibitoci suna haɗa baki su kwaso matafiyan da ciwonsu bai kai ya kawo ba, sannan su aika wa kamfanonin inshora lissafi mai kauri. Amma kada wannan ya sa maigidanki ya ƙi jirgi ranar da yake buƙatarsa, domin ciwon tsauni yana kisa, kuma ba ya duba ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa.

Tafiyar tana farawa ne daga Lukla mai tsayin kimanin mita 2,860, ta bi ta Namche mai mita 3,440, ta ƙare a sansanin da ke mita 5,364, inda iskar shaƙa da ke shiga huhu a kowane numfashi ta kusa zama rabin wadda ake samu a bakin teku. Daga mita 2,500 zuwa sama mutane da yawa sukan ji ciwon kai da tashin zuciya da rashin cin abinci da kasala. Wannan shi ne ƙaramin ciwon tsauni, kuma ba ya buƙatar jirgi. Abin da yake buƙata shi ne a daina hawa, a kwana ɗaya ko biyu a wurin, a sha maganin ciwon kai, idan bai lafa ba a sauko da ƙafa mita 300 zuwa 1,000, sau da yawa sai mutum ya ji kamar an cire masa ƙaya. Duk wanda ya ce masa ya hau jirgi saboda ciwon kai ko gudawar yini ɗaya alhali yana tafiya da ƙafarsa daram, to ya nemi jin ta bakin likita tukuna. Akwai ƙaramin asibitin ƙungiyar ceto ta Himalaya a ƙauyen Pheriche da ke kan hanyar, wanda likitoci ke zama a cikinsa a lokutan tafiya, kuma kamfanonin inshora suna da lambar da ake kira dare da rana.

Abubuwa biyu ne ke mayar da lamarin na gaggawa. Na farko kumburin ƙwaƙwalwa, wanda ake gane shi idan mutum ya fara tangaɗi kamar wanda jiri ke ɗiba, ya kasa bin miƙaƙƙen layi yana ɗora dugadugi a gaban yatsu, ko ya rikice ya fara magana marar kan gado ko barci ya rinjaye shi. Na biyu taruwar ruwa a huhu, wanda alamarsa haki ne ko da mutum yana zaune, da tari, wani lokaci da kumfa mai ratsin jini, da gajiyar da ta sa ya koma bayan kowa a tafiya alhali jiya shi ne a gaba. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu a kira jirgi, amma kada a zauna jiransa. Jiragen can ba sa tashi da dare, gajimare kuma yakan rufe kwaruruka daga azahar zuwa yamma, don haka wanda ciwo ya kama da la'asar mai yiwuwa sai da safe jirgi zai same shi, daren nan kuwa shi ne ake tsoro. A fara saukar da shi nan take, a goye ko a kan doki, da iskar shaƙa ta kwalba idan akwai, kuma ba a barinsa ya sauka shi kaɗai. Kamfanonin jirage na can sukan nemi tabbacin biya kafin su tashi, saboda haka ya tabbatar inshorarsa ta ambaci ceto da jirgi a fili, ta kuma kai tsayin da zai hau, ya ba mai ja-gora da ke ma kwafin takardar.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce na fi so ya ɗauka da muhimmanci, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS, kuma masu ja-gora a Nefal ba su saba da lamarin ba. Mai AS ba mai ciwon sikila ba ne, yawancinsu suna hawa su sauko lafiya, amma a wuri mai tsayi inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, musamman idan aka haɗa da wahala da ƙishirwa, jini yana iya toshewa a cikin saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a saman ciki ta gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu, tare da amai. Idan ya ji haka kada ya yarda a ce masa ɓacin ciki ne, ya daina hawa, ya sha ruwa, ya nemi a saukar da shi, kuma wannan dalili ne ingantacce na kiran jirgi. Ya ga likita kafin tafiyar, ya yawaita shan ruwa, kuma daga mita 3,000 kada tsayin wurin kwanansa ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana, tare da ranar hutu duk bayan kwana uku ko huɗu. Mai SS ko SC kuwa ba na ba shi shawarar wannan tafiya.

Tambaya: Likita, duk bayanin da ake yi a kan kira ne, to idan wurin babu sabis ɗin waya fa?

Amsa: Ka fara gwada 112 ko da wayarka tana nuna layinka ba shi da sabis, domin a ƙasashe da yawa kiran gaggawa yana bi ta kowane kamfani da ke da turke a kusa. Saƙon tes ma yakan fita a inda murya ta kasa, hawa ɗan tudu ko fita daga cikin kwari kuma sau da yawa yana dawo da sabis. Wayoyin iPhone daga samfurin 14 da ya fito a 2022 suna iya aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam a ƙasashen da aka buɗe wa tsarin, akwai kuma ƙananan na'urori irin su Garmin inReach da ake aika saƙo a karɓi amsa da su daga ko'ina muddin ana ganin sararin sama, kuma wanda aikinsa ko sha'awarsa ke yawan kai shi daji ya dace ya mallaki ɗaya. Idan duk babu, kuma kun kai mutum huɗu, biyu su tafi neman taimako ɗauke da rubutaccen bayanin wurin da lokacin da abin ya faru da halin majinyaci, ɗaya ya zauna tare da shi. A duwatsun Alps akwai tsohuwar alamar neman agaji da masu hawa suka sani: a busa usur ko a haska tocila sau shida a cikin minti ɗaya, a dakata minti ɗaya, a sake, wanda ya ji zai amsa da sau uku a minti, kuma ana ci gaba da yi har su iso domin da sautin ko hasken za su gano wurin. Kafin a bar gida kuma a gaya wa wani amintacce hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran dawowa, a kuma yanke masa ƙarfe nawa ne idan bai ji daga gare ku ba zai kira masu ceto da kansa.